Waƙar Siyasa: Hujja ko Tumasanci?

Duk wanda ya karanta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur karon farko zai yi mamaki. Ga mutumin da muke ɗauka jigon 'yan sawaba, amma ga shi yana zaɓar wa Arewa mulukiya. Sai dai idan muka duba da idon basira, ba fadanci ya yi ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara, su riƙi ilmi da adalci, tun kafin abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947 ya same su.

Alhaji Mudi Sipikin, ɗan NEPU, bai gamsu ba. Sai ya mayar da martani da "Arewa Jumhuriya Kawai", waƙa ta amsa waƙa.

A nan darasinmu yake. Yawancin waƙoƙin siyasarmu na yau yabon ɗan takara ne da zambo ga abokin hamayyarsa, da an gama zaɓe sun mutu. Waɗancan biyun kuwa har gobe ana nazarinsu, domin tambayar da suka ɗauko ta shafi talaka: wa zai mulke shi, kuma bisa wane sharaɗi? Matashin marubuci, kafin ka nemi amsa-amo, fara neman hujjarka.