Barth ya ga talakawan Kano, amma bai saurare su ba

Na karanta abin da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya rubuta kan Kano ta 1851. Ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, ya lissafa ribar turkuɗi, ya kwatanta ƙazantar Jakara da bayin da aka jera a kasuwa, yunwa ta ci su. Duka daga bisa doki! Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya, mutumin nan yana jin Hausa, amma ko talaka ɗaya bai buɗe baki ba a babin. Su nawa ke kwana ɗaki guda? Mi suke ci? Shiru. Ƴan uwa masu rubutu kan unguwannin Tawa, don Allah mu sauka daga doki, mu yi sallama, mu tambaya.