Ƙarin Gishiri Cikin Labarin Kisan Kai

Cikin shekarar 1959 waɗansu mutum biyu suka shiga gidan wani manomi, Herbert Clutter, a jihar Kansas ta Amurka, suka kashe shi da matarsa da 'ya'yansa biyu. Aka rataye makasan a 1965. Truman Capote ya tsara labarin tamkar hikaya cikin littafinsa, In Cold Blood, ya ce duk abin da ke ciki gaskiya ne.

Gwaninta kam ya nuna ta. Amma ganawar da ya rufe littafin da ita, ta ɗan sandan ciki da ƙawar 'yar manomin a maƙabarta, ba a taɓa yin ta ba. Mai tatsuniya da ya ce "Ga ta nan", kowa ya san ƙage ke tafe. Capote bai yi wannan gargaɗi ba, alhali kuwa sauran 'ya'yan mamacin, mata biyu, suna raye sa'ad da littafin ya fito a 1966.