Liman da Fasto: Sharhi a kan Wani Majigi

Majigin nan mai suna The Imam and the Pastor, watau Liman da Fasto, Alan Channer ne ya shirya shi da Turanci, aka fara nuna shi cikin 2006. Labarin mutum biyu ne na Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a dā kowannensu yake gaban samarin addininsa wajen faɗa. A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya bazu har cikin Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuwa aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun sadu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinan biyu.

Inda majigin ya yi kyau ƙwarai shi ne da ya bar Ashafa ya ba da labarin juyawarsa da bakinsa. Bisa ga faɗarsa, huɗubar Juma'a ce a kan afuwa ta karya masa niyyar ɗaukar fansa. Ya sha kawo misalin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'ad da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi har ya yi jini, amma ya ƙi yarda a hallaka su. Marubutan waje da yawa sukan ɗauka Musulmi ba ya sassauci sai in imaninsa ya yi sanyi. A nan kuwa an ga mutum ya bar tsattsauran ra'ayi da hujja daga cikin addinin kansa, gama Suratus Shura ta halatta ramuwa daidai da cuta, sa'an nan ta ɗora ladan mai yafewa a kan Allah.

Sai dai mai nazarin harshe zai lura da wani giɓi. Turanci yakan tara wannan hali duka ƙarƙashin kalma guda, tolerance, alhali Hausa ta rarrabe shi. Haƙuri shi ne ɗaukar abin da ba ka iya kawar da shi. Kawaici, kau da kai daga abin da ka gani don kada a ji kunya. Afuwa kuwa sai wanda aka cuta, yana da ikon ramawa, ya bari. Abin da Ashafa ya fara yi afuwa ce. Ziyarar da ya kai wa mahaifiyar Wuye tana kwance asibiti kuwa mutuntawa ce, wadda ta fi duk ukun nisa. Malamin da zai nuna wa ɗalibai majigin, lalle ya kiyaye da wannan, don duk wanda ya fassara shi da "haƙuri da juna" ya mai da maƙwabci kaya ke nan.

Babban rauninsa shi ne bai gwada abin da Ashafa ya bari ba. Mai kallo ba ya jin irin karatun da ya zafafa samarin Kaduna a lokacin: jayayyar 'yan ɗariƙa da Izala, wadda aka kafa a Jos cikin 1978, da tafsirin Shehu Abubakar Gumi a masallacin Sultan Bello, da guguwar juyin Iran ta 1979. Ba tare da waɗannan ba, juyawar mutumin takan yi kama da abin al'ajabi na rana ɗaya, ba ƙarshen muhawarar da Musulmi ke yi tsakaninsu ba.

Kaduna kanta ma ba ta sami rabonta ba. Majigin ya fi daɗewa a Yelwa ta jihar Filato, inda aka yi sulhu bayan kashe-kashen 2004, wataƙila don can ne nasara ta fi fitowa a ido. A gida kuwa, rikicin shari'a na 2000 ya raba garin: Musulmi suka taru arewacin kogi, a Kawo da Rigasa da Tudun Wada, Kiristoci suka koma kudu, wajen Sabon Tasha. Ran 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da mutanen biyu suka yi wa hidima. Wata uku bayan haka, cikin Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke a garin.