Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoto a Gindin Dandamali

A yawancin manyan wasannin kiɗa na Turai da Amurka, waƙa uku kacal ake ba masu ɗaukar hoto a gaban dandamali, kuma ba a yarda su kunna filasha ba. Daga nan sai a sallame su. Cikin wannan ɗan taƙin, ga turereniya ga ƙarar amsa-kuwwa, za su kamo abin da suke fatan duniya ta gani.

Sannunsu da ƙoƙari, da haƙuri kuma!

Ɗaya daga cikin masu wannan sana'a, Ed Caraeff, yana ɗan shekara 17 ya ɗauki hoton mawaƙi Jimi Hendrix durƙushe, jitarsa tana cin wuta, a bikin kiɗa na Monterey na 1967. Sai a 1987 mujallar Rolling Stone ta buga hoton a bangonta.