Injiniyan da ke sa kwamfutoci ashirin su yi baki ɗaya

Duk malamin da ya taɓa koyar da buga rubutu a kwamfuta ya san maganar da ke kashe darasi: "Malam, tawa ba haka ta nuna ba." Da ɗalibi ɗaya ya faɗe ta sai na kusa da shi ya leƙo, na baya ya miƙe, malam ya bar gaban aji ya koma bin kujeru, kafin a ankara rabin awa ta tafi ba a buga ko sakin layi ɗaya ba. A cibiyoyin koyon kwamfuta na Kano da Kaduna da Zariya akwai mutumin da aikinsa shi ne hana wannan magana fitowa. Wasu wuraren injiniya ake ce masa, wasu wuraren kuwa malamin ne da kansa yake naɗe hannun riga da yamma bayan an tashi. A ganina ana raina gwanintarsa ne don idan ya yi aikinsa daidai babu wanda zai lura an yi wani aiki.

Daga kasuwa wahalarsa take farawa. Da wuya ka ga cibiyar da ta sayi kwamfutoci ashirin sababbi fil iri ɗaya. Yawanci na hannu ne aka tsinto a titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, wannan HP, waccan Dell, wata daga Ingila ta fito, wata daga Amurka. Shi ya sa gwani yake fara duba kibod kafin komai. A kibod ɗin Amurka alamar @ tana kan lamba 2, a na Ingila kuwa alamar zance ce a wurin, @ ɗin ta koma kusa da Enter. Idan Windows tana bin tsarin wata ƙasa, maɓallan kuma na wata ƙasar ne, ɗalibi zai danna abin da idonsa ya gani wani abu daban ya fito, kuma sabon shiga kansa yake zargi. Injiniya zai bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya hure ƙurar hunturu da ta maƙale a ƙarƙashinsu, ya shafa F da J da yatsa ya ji ko ɗan tudun nan da ke kansu yana nan, domin da shi mai koyo yake gane mazaunin yatsunsa ba tare da ya sunkuya ba. Kwamfutar da kwanan watanta ke komawa baya duk lokacin da aka kashe ta, ya san ƙaramin batirin nan CR2032 na cikinta ne ya mutu, ya canza shi.

Sai manhajar kanta. Tun 2007 Microsoft ta sauya fuskar Word, ta ajiye tsohon jerin umarni ta kawo faffaɗan zirin da ke sama, kuma daga nan kowace fitowa sai an ɗan gusar da wani abu. Ajin da aka haɗa Word 2010 da 2016 da 2019 aji uku ne a ɗaki ɗaya. Don haka fitowa guda ake sa wa kowa, har da kwamfutar malam. Inda babu kuɗin lasisi, ni na fi ganin mutuncin wanda ya sa LibreOffice Writer, wadda kyauta ce kuma tana buɗe fayil ɗin Word, a kan wanda ya sa Word ta sata da za ta fito da gargaɗin lasisi ana tsakiyar darasi.

Inda nake sara wa gwanayen nan shi ne wani fayil da yawancin masu amfani da Word ba su ma san da shi ba, Normal.dotm. Duk farar takardar da ka buɗe daga jikinsa ake ciro ta, kamar yadda tela ke yanka kowace riga a kan awo guda. Abin da aka gyara a cikinsa ya bi kowace sabuwar takarda. A nan yake mayar da girman takarda A4, santimita 21 da 29.7, domin kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka Letter take zaɓa, wadda ta fi gajarta ta kuma fi faɗi, sai an zo firinta a ga rubutu ya karkace. Ya mayar da awo daga inci zuwa santimita, ya fito da rula, ya kunna alamun nan da ke nuna kowane sarari da ƙarshen kowane sakin layi. Su ne ke tona asirin ɗalibin da ya kai kan magana tsakiyar shafi ta hanyar danna maɓallin sarari sau talatin.

Amma ba komai yake gyarawa ba, kuma nan ne ake bambanta gwani da mai karambani. Yakan karɓi jadawalin darussa a hannun malam tukuna. Idan a mako na biyu za a koyar da saita gefen takarda da tazarar layi, to ya bar su yadda suka zo, don ɗalibai su sami abin gyarawa da hannunsu. Haka nan yakan kashe gyaran da Word ke yi da kanta na mayar da harafin farkon jimla babba. In ba haka ba, yaro zai gama kwas bai san amfanin Shift ba.

Rubutun Hausa kuwa yana da tasa rigimar. Idan aka bar mai duba kuskure a kan Turanci, shafi duka jan layi zai zama, ɗalibi ya tsorata. Word tana juya ɗan waƙafin saman da ke farkon 'ya'ya ya kalli baya, don ta ɗauka zance za a buɗe. Ga kuma ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, waɗanda babu su a kan maɓallai. A da, salon haruffa irin su Rabi'at da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu ne suka fitar da marubuta kunya, sai dai idan aka kai rubutun kwamfutar da ba ta da su, harafi mai lanƙwasa sai ya rikiɗe ya zama wata alama. Yanzu kowane harafi yana da lambarsa ta duniya a tsarin Unicode. Ka buga 0199 a Word ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 ta ba ka ɗ, 0253 ta ba ka ɓ. Ba za a ɗora wa mai koyo haddar lambobi ba, don haka injiniya yakan ƙara kibod ɗin Hausa da ke cikin Windows, ko ya ɗaura kowane harafi a kan gajeriyar hanya, sannan ya manna ƴar takardar bayani a gefen kowace kwamfuta. Daga nan ya buga jimla mai ɗauke da dukkan haruffan, manya da ƙanana, ya fitar a firinta ya duba da idonsa, saboda salon harafin da ba shi da ƙ aro yake yi daga wani, sai ka gan ta ta fita zakka a tsakiyar kalma.

Batun wuta ba sai an faɗa ba. Word tana ajiye kwafin ceto duk minti 10; shi yakan rage zuwa 2 ko 3, ya gwada batirin kowace UPS ya ga ko za ta riƙe kafin a tayar da janareta, ya kuma hana Windows sabunta kanta a lokutan aji.

Da ya gama kwamfuta ɗaya ta yi yadda yake so, ba ya maimaita wahalar sau ashirin. Akwai manhajar Clonezilla, kyauta ce, daga Taiwan ta fito, da ita yake ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya ya zuba wa sauran masu ƙira iri ɗaya. Saura tsare aikin daga hannun ɗalibai, don kafin azahar wani ya sa hotonsa a fuskar kwamfuta, wani ya ɓatar da zirin umarni, wata ta soka filas mai ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli. Maganin wannan su ne manhajoji irin Deep Freeze ta kamfanin Faronics: duk ɓarnar da aka yi, da an kashe an kunna komai ya koma yadda aka bar shi. Sai dai ba ta san aikin ɗalibi ba, har shi take sharewa. Wanda ya san hannunsa yakan ware wani ɓangaren faifan da ba a daskarar ba, ya buɗe wa ƴan safe da ƴan yamma jakarsu daban, ya ajiye rubutun gwaji a kulle yadda kowa sai dai ya kwafa.

Gwajinsa na ƙarshe shi ne ya zauna a kujerar can baya, ya shiga da asusun ɗalibi, ya bi darasin farko tun daga kunnawa har fitar da takarda, yana duban ko rubutun majigi yana karantuwa daga nan.

Masu cibiyoyi, wannan aikin ba ya yiwuwa da safiyar ranar da za a fara aji. Ku bar masa kwana biyu tsakanin rukunin da ya gama da wanda zai shigo, ku saya masa kibod da linzami na ajiya, kuma ku biya shi kuɗin shiri daban da kuɗin gyara.