Masassaƙan Horyuji da Hasumiyar da Ta Ƙi Faɗuwa

A garin Ikaruga, kusa da birnin Nara na ƙasar Jafan, akwai wurin bautar mabiya addinin Budda da ake kira Horyuji. Yarima Shotoku ne ya kafa shi a shekarar 607. Gobara ta cinye ginin farko a 670, aka sake tayar da shi, kuma wannan na biyun ne ke tsaye har yau, yana cikin gine-ginen katako mafi daɗewa a duniya. A harabarsa akwai hasumiya mai hawa biyar, tsayinta ya haura mita 32. Ƙasar nan kuwa girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce a cikinta, amma shekara 1,300 ke nan hasumiyar ba ta kai ƙasa ba.

Masassaƙan da suka yi ta ba su ɗora nauyin ginin a kan ƙusa ba. Sai su fafe rami a jikin wannan katako, su fiƙe bakin wancan, su zura shi ya zauna daram. Kowane hawa an aza shi ne a kan na ƙasansa ba tare da an ɗaure su tamau ba. In ƙasa ta motsa, hawa ɗaya ya karkata gabas, na samansa ya karkata yamma, mahaɗan katako su goga juna, ƙarfin girgizar ya bi nan ya mutu. Ta tsakiya kuma ginshiƙi ne ya ratsa har ƙololuwa, wanda zoben shekarun da ke jikinsa ya nuna an sare bishiyarsa a 594. Bai ɗauki nauyin hawa-hawan ba, tsaye kawai yake a tsakaninsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka san itace. Hinoki suke amfani da shi, itace mai ƙamshi da ba ya saurin ruɓewa. A wurinsu kowace bishiya da halinta. Wadda iska ta yi ta bugu a gefen dutse takan girma a murɗe, kuma ko an sare ta an busar, murɗin bai bar ta ba. Gwani ba ya jefar da ita. Zai nemo wadda ta murɗe ta ɗaya ɓarin ya haɗa su, wannan na ja dama, waccan na ja hagu, sai gini ya ƙara damƙewa da kansa. Wadda ta tsiro ta kudancin dutse, ta saba da rana, ɓangaren kudu ake kai ta.

Nishioka Tsunekazu, wanda ya rayu daga 1908 zuwa 1995, ya gaji wannan sana'a daga kakansa. Tsohon nan makarantar noma ya tura shi, don ya fara sanin ƙasar da bishiya ke tsirowa a kai. A babban gyaran Horyuji da aka fara a 1934, an kwance gine-gine katako bayan katako, aka canza abin da ya lalace, aka mayar da sauran mazauninsu. A nan Nishioka ya karanci hannun magabata, har ya farfaɗo da wani tsohon makamin sassaƙa, yariganna, mai kan mashi da doguwar ƙota. Da shi ake yaye bayan katako sannu a hankali, yana bin jijiyar itacen, ya bar fuska sumul da ruwan sama ke zamewa a kai.

Da aka ba shi aikin sake gina hasumiyar yamma ta wani wurin bautar mai suna Yakushiji, wadda aka kammala a 1981, sai ya sa ta fi tsohuwar takwararta ta gabas tsayi kaɗan. Ya lissafa cewa katako zai tsuke, nauyi zai danne harsashi, kuma sai bayan ɗaruruwan shekaru kawunansu za su daidaita.