Kogin Isa Ba Shuɗi Ba Ne

Duk wanda ya zaga wuraren da ake sayar da zane a Yamai zai lura da abu guda: yawancin hotunan fentin mai da sababbin hannu ke yi sun yi kama da juna kamar ƴaƴan ciki ɗaya. Raƙumi ne bisa tudun rairayi, ko mace da tulu, ko kwale-kwale a kan ruwa shuɗi kamar an rino shi a marina. Hannun bai rasa gwaninta ba, amma an koyi aikin ne a cikin ɗaki, ana kwaikwayon hoton da wani ya ɗauka don ƴan yawon buɗe ido.

Ruwan nan shuɗi shi ne shaida. Mazaunin Yamai ya san kogin Isa na cika sau biyu a shekara. A watannin Agusta da Satumba, rafukan Sirba da Dargol da Goruwal sukan kwararo masa jar ƙasa, ya koma kamar kunun kanwa. Daga baya ruwan da ya taso daga ƙasar Gini ya iso, ya kai ƙololuwa wajen Janairu, launinsa ya yi duhu. Ɗalibin da ya zauna kusa da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, yana kallon masu wanki da masunta, ba zai iya shafa shuɗi ya wuce ba. Dole ya tsaya ya haɗa ja da ɗorawa da fari har sai abin da ke kan allonsa ya yarda da abin da ke gabansa. Gani ya kori ji.

A Turai ma wannan hanya ba ta daɗe ba. Sai a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ƴar kwalbar ƙarfe mai matsewa, aka samu sauƙin ɗaukar fenti a fita daji. A 1872 Claude Monet ya zana fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre, hoton da ya ba wa salonsu suna bayan baje kolin Paris na 1874. Darasin da ya kamata a ɗauka daga gare su shi ne sun amince da idonsu a ƙasarsu. Wanda ya kwaso launukansu ya ɗora wa sararin Sahel ya ɓata darasin tun daga tushe.

Gaskiya ne aikin waje na da wuya ga mai koyo. Fentin mai ba ya bushewa da sauri, yakan ɗauki kwanaki, kuma a lokacin hunturu ƙura na manne masa. Da tsakar rana haske na kashe launi, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Kayan kuma daga waje ake kawo su, da tsada. Amma waɗannan matsaloli su ne ke horar da ido. Ƙaramin allo, launi huɗu ko biyar, da awa biyu da hantsi ko bayan la'asar sun isa. Tun da inuwa ba ta jiran kowa, ɗalibi kan koyi fara shimfiɗa manyan sassan haske da duhu kafin ya shiga ƙirga ganyen bedi.

Nan ne nauyi ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Gidan Tarihi na Boubou Hama, da aka kafa a 1959, yana da inuwa da gine-gine da dabbobi, ga kogi kusa. Fita guda a wata da ɗalibai goma ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Hotunan farko za su fito da datti da kurakurai, wasu ma da rairayi a jikinsu. Duk da haka, a cikinsu ne jikoki za su ga launin da kogin Yamai ke da shi a watan Satumba.